"Ai Ba Giya Ba Ce": Ƙaryar da Muke Zuba wa Juna a Kofin Roba



Shugabannin zumunta sun roƙe ni in rubuta muku darasin wannan mako, kuma da niyyata mu ci gaba da batun addu'a daga inda muka tsaya. Amma akwai maganar da ta tokare mini maƙogwaro tun watan Disamba. Na yi ta juya ta, na kai ta gaban Ubangiji, na shawarci dattawa biyu, suka ce in faɗa. Wasu cikinku za su ji haushina. Ba komai. Gara ku ji haushina yau da in tsaya a bakin kabarin ɗayanku gobe ina neman abin faɗa. Kafin ku ci gaba, ku ɗauki Littafi Mai Tsarki ku karanta Karin Magana 23 daga aya 29 zuwa ƙarshen surar, sa'an nan Romawa 14. Sai ku dawo mu yi magana.

Abin da ya faru a wurin liyafa

A watan Disamba aka ɗaura auren wata 'yar'uwarmu daga ƙungiyar mawaƙa. Sujada ta yi kyau, aka tashi zuwa wurin liyafa, aka zaunar da mu a babban teburi. Da aka zo yanka kek sai aka kawo kwalabe masu wuya a naɗe da takarda mai ƙyalli. Mai gabatarwa ya girgiza ɗaya, murfin ya tashi da ƙara, jar kumfa ta zubo, mata suka yi guɗa. Aka zuba mini a kofi, na ɗaga tare da kowa, na kurɓa. Ga sanyi, ga zaƙi kamar zoɓon da aka cika wa sukari. Na ɗauka irin ruwan inabin nan ne marar barasa da muka saba buɗewa a bukukuwanmu. Sai da na ji wani ɗumi yana sauka a ƙirjina, na jawo kwalbar na juya bayanta. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: 8% vol.

Na kira shugaban kwamitin biki, yaron kirki wanda ni na yi masa baftisma. Na ce, "Ɗana, ka san abin da kuke rarrabawa?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba Fasto, ai ba giya ba ce. Mai kanti ya ce mai sauƙi ce, ta mata ce, ko yara suna iya sha." Bai shirya mini ƙarya ba. Abin da aka faɗa masa ne ya maimaita, don shi ma bai juya kwalbar ba. Kafin mu tsayar da rabon, katan uku sun riga sun shiga cikin jama'a.

A ranar, wata yarinya 'yar shekara 16 ta sha kofi uku, ba ta kuwa ci komai ba tun safe. Mata suka same ta a bayan zaure tana amai, ko tsayuwa ba ta iya yi. Wannan ya wuce da kunya kawai. Wanda bai wuce da sauƙi ba shi ne na wani ɗan'uwa, magidanci, wanda Ubangiji ya fitar da shi daga shan goskolo shekara huɗu da suka wuce. Ya ba ni izinin ba da labarinsa muddin ban ambaci sunansa ba. Da aka miƙo masa kofin, ya tambaya, kamar yadda yake yi a ko'ina, ko akwai barasa a ciki. Yarinyar da ke rabo ta ce babu, lemo ne. Ya sha. Ya gaya mini cewa tun kurɓa ta biyu jikinsa ya gane tsohon ubangidansa, amma ya riga ya makara, sai ya nemi ƙari. Daga wurin liyafar bai nufi gida ba. Mako biyar ba mu gan shi a sujada ba, matarsa tana zuwa gidana da kuka. Ya dawo yanzu, godiya ga Allah, sai dai lissafin shekara huɗu ya koma lissafin kwanaki.

Ba a mashaya aka miƙa masa kofin nan ba. Mu muka miƙa masa, a bikin 'yan ikkilisiya, bayan addu'ar buɗewa da ni na yi da bakina. Dalilin rubutun nan ke nan.

Me ke cikin kwalbar?

Sunan da ke jikin kwalbar shi ne Lambrusco. Wannan ba sunan kamfani ba ne. Suna ne na wani dangin inabi, da kuma ruwan inabin da ake yi da shi a arewacin Italiya, a yankin Emiliya-Romanya, wajen biranen Modena da Rejiyo Emiliya da Parma. Ja ne, yana da kumfa, ana shan sa da sanyi.

Ku da kuka taɓa barin kunun zaƙi ya kwana biyu a jarka, kun ga yadda jarkar take kumbura, in an buɗe kuma ya yi tsartuwa. Cikin masu wannan aiki akwai ƙananan halittun da ake kira yis. Suna cin sukari, su fitar da abu biyu: barasa da iskar gas. Ta haka dawa take zama burukutu, ta haka kuma inabi yake zama abin maye. In aka bar yis ya cinye sukarin duka, ruwan inabin ba ya zaƙi, ƙarfinsa kuma yakan kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Masu yin irin mai zaƙin suna tsima shi a cikin tankin ƙarfe rufaffe don kada gas ɗin ya fice, shi ne kumfar da kuke yi wa guɗa. Sa'an nan su sanyaya shi, su tace yis ɗin tun bai gama aikinsa ba. Sukarin da ya rage shi ne zaƙin da harshe yake ji. Wanda yis ya riga ya ci kuwa ya zama barasa, tana nan daram a cikin kwalbar.

Masu yin sa ba su ɓoye komai ba. In kun ga kalmar secco a jikin kwalbar, marar zaƙi ne, ƙarfinsa wajen kashi 11. In kun ga amabile ko dolce, mai zaƙi ne, yawanci kashi 7.5 zuwa 8. Akwai wani ɗan'uwansa daga yankin Fiyemonte mai suna Brachetto d'Acqui, shi ma ja ne mai zaƙi da kumfa, yana da wajen kashi 5.5. A Italiya duk waɗannan sunansu abin sha mai barasa, doka kuma ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ba a can aka raɗa musu suna lemo ba. A bakinmu suka samu wannan suna.

To, ina kalmar "mai sauƙi" ta fito? Mutumin Modena yana gwada kwalbar da ruwan inabi mai kashi 13, sai ya ce wannan mai sauƙi ce. Gaskiyarsa. Mu kuma muka ɗauko kalmar muka gwada ta da maltina. A nan ƙaryar ta shigo.

Mu yi lissafi

Kun yi makaranta, don haka ku ɗauki biro. Giyar kwalba da aka saba sayarwa a Najeriya tana da wajen kashi 5 cikin 100. Baƙar giyar Guinness da ake yi a ƙasar nan, wadda kowa ya yarda mai ƙarfi ce, kashi 7.5 take da shi. Kwalbar da muka buɗe a bikin tana da kashi 8. Ke nan abin da muka kira "na mata da yara" ya fi baƙar giya ƙarfi.

Kwalbar ruwan inabi tana ɗaukar mililita 750. Kashi 8 na 750 shi ne mililita 60 na zallar barasa. Babbar kwalbar giya mililita 600 ce, kashi 5 nata kuma mililita 30. Saboda haka wanda ya shanye kwalba ɗaya ta mai zaƙin nan, daidai yake da wanda ya shanye manyan kwalaben giya biyu. In kuma da wiski mai kashi 40 za a gwada, mililita 150 ke nan.

Kada wani ya ce ai ba wanda yake shanye kwalba shi kaɗai. Ku dubi kofin robar da muke amfani da shi a biki. In mai ɗaukar mililita 250 ne, cika uku ya ƙare kwalbar. Cika ɗaya yana ɗauke da mililita 20 na barasa, ya fi abin da ke cikin gwangwanin giya mai mililita 330, wanda bai wuce 16.5 ba. Yarinyar da na ba ku labarinta kofi uku ta sha. Da mun ga ta zauna da manyan kwalaben giya biyu a gabanta, da tuni an kira iyayenta, an zauna taron dattawa. Amma da yake abin ja ne kuma daga Turai ya fito, mu muka riƙa ce mata ta ƙara.

Hanta ita ce ke sarrafa barasa, kuma ba ta gaggawa don kowa. Abin da take iya kawarwa a sa'a ɗaya bai wuce kimanin ƙaramin kofi ɗaya ba. Kwalba guda tana bukatar sa'a biyar zuwa shida, ko fiye. Wanka da ruwan sanyi ba ya rage lokacin, goro da shayi ma haka. Ku tuna da samarinmu nawa ne suka bar wurin liyafar nan a kan babur, kowanne da mutum biyu a baya, da dare.

Zuma ga zaƙi ga harbi

Akwai dalilin da ya sa nake tsoron wannan kwalba fiye da ogogoro. Ogogoro ba ya ɓoye kansa. Warinsa yana iso kafin shi, ɗacinsa yana ƙona maƙogwaro, yaron da bai saba ba zai tofar. Ɗacin nan kamar mai gadi ne da aka ajiye a bakin ƙofa. Sukari da sanyi suna sallamar mai gadin. Harshe ya ce lemo ne, sai mutum ya riƙa kwankwaɗa kamar lemo, musamman da zafin rana bayan doguwar sujada.

Kumfar ma ba ado ba ce kawai. Masu bincike sun lura cewa abin sha mai gas yakan sa barasa ta shiga jini da sauri a jikin mutane da yawa. Cikin da babu abinci shi ma yana ƙara saurin, kun kuwa san yadda bukukuwanmu suke: ana buɗe kwalba tun shinkafa ba ta iso ba. Sa'an nan masu cewa "ta mata ce" sun juya gaskiya a baibai. Jikin mace yawanci bai kai na namiji yawan ruwa ba, saboda haka in suka sha daidai wa daida, ita ce barasar za ta fi taruwa a jininta. Mai juna biyu kuwa, likitoci ba su san wani adadi da za su ce ba ya cutar da jaririn cikinta ba. Mata masu ciki nawa ne a zauren nan ranar?

Wannan dabara ba a kanmu aka fara ta ba. A shekarun 1970 da 1980, Lambrusco mai zaƙi ya zama kan gaba cikin ruwan inabin da ake shigarwa Amurka daga waje. Ana tallarsa a sha da ƙanƙara, har wasu suka yi masa laƙabi da Coca-Cola ta Italiya. Mutanen da suka tashi da lemon kwalba, waɗanda ɗacin ruwan inabi yake kora, ta wannan ƙofa suka shiga. Ɗan kasuwa ya san cewa wanda bai saba ba, da zaƙi ake jawo shi.

Ga kuma wata magana da dole in faɗa, ko da za ta yi nauyi. Akwai samari, har cikin masu ɗaga hannu a sujada, da suka san ainihin abin da ke cikin kwalbar nan, shi ya sa suke saye in za su fita da yarinya. Su ce mata, "Sha mana, ai ba giya ba ce." Ɗana, in kai ne, ka je ka karanta Habakuk 2:15. Annabin ya yi magana a kan mai shayar da maƙwabcinsa don ya ga tsiraicinsa, kuma hukunci ya ambata masa. Wannan mugunta ce da aka shirya, ba rauni ba ne. Ka tuba.

"Amma Baba Fasto, ai Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi"

Na san za ku kawo wannan, kuma ba zan amsa muku da ƙarya ba, tun da ƙarya nake yaƙa. Na ji masu wa'azi suna cewa abin da Ubangiji ya yi a Kana ta Galili ruwan 'ya'yan itace ne marar barasa. Nassi bai goyi bayan wannan ba. Kalmar Helenanci da ke cikin Yohanna 2, oinos, ita ce dai Bulus ya yi amfani da ita a Afisawa 5:18 inda ya hana buguwa. A ƙasa mai zafi irin tasu, ruwan inabin da aka matse yakan fara tsimuwa cikin 'yan kwanaki. Sai a shekarar 1869 ne wani likitan haƙori ɗan ikkilisiyar Metodis a Amurka, Thomas Welch, ya yi amfani da hanyar dumamawa ta Louis Pasteur ya adana ruwan inabi ba tare da ya tsimu ba, don a yi Jibin Ubangiji da shi. Bulus kuma ya shawarci Timoti ya ɗan yi amfani da ruwan inabi saboda ciwon cikinsa. Duk wannan gaskiya ne, ba na jin tsoron faɗarsa.

To, amma ku karanta labarin Kana da kyau. Uban biki ya ɗanɗana, ya san abin da ya sha, ya kira shi da sunansa, har ya gwada shi da na farko. Ba wanda aka ruɗa a bikin nan. Ba wanda ya tambaya aka ce masa ruwa ne. In za ku kafa hujja da Kana, ku fara da wannan: Ubangijin gaskiya bai taɓa miƙa wa mutum abu da sunan wani abu ba.

Littafin da ya ba mu labarin Kana shi ne kuma ya ba mu labarin Nuhu a Farawa 9, mutumin da ya tsira daga ruwan tufana amma ruwan inabi ya kwantar da shi tsirara a alfarwarsa. Shi ne ya hana firistoci sha in za su shiga hidima, a Littafin Firistoci 10. Shi ne ya girmama keɓaɓɓu a Ƙidaya 6, da zuriyar Rekab a Irmiya 35, da Yohanna Mai Baftisma, waɗanda duk suka ƙaurace masa. Galatiyawa 5 ta lissafa buguwa cikin ayyukan jiki. Karin Magana 23 da na sa ku karanta, ba da mummunan abu mai wari ta yi gargaɗi ba. Abin da ta zana ja ne, yana ƙyalli a ƙoƙo, yana wucewa a maƙogwaro da santsi, ƙarshensa kuma ta kwatanta shi da sarar maciji. In wannan ba hoton kwalbarmu ba ne, ban san hoton me ba ne.

Wani zai ce, "Ni kofi ɗaya nake sha, ina da 'yanci cikin Almasihu, Kiristocin Turai ma suna sha." Ba zan yanke wa ɗan'uwa na Italiya hukunci ba, yana da Ubangijinsa. Amma kai ba a Modena kake ba. Kana cikin ikkilisiyar da kusan kowane gida yake da kabarin da barasa ta haƙa, ko gonar da aka sayar saboda ita, ko uwar da ta sha duka a dalilinta. Iyayenmu cikin bangaskiya da suka tsai da shawarar barin ta gaba ɗaya ba jahilai ba ne, abin da idonsu ya gani ne. Romawa 14 da 1 Korintiyawa 8 suna koya mana cewa 'yancin da zai tuntsurar da ɗan'uwa rarrauna, ƙauna takan ajiye shi. Ɗan'uwan nan rarrauna ba misali ba ne a littafi. Yana zaune a layi na huɗu ranar Lahadi, yana ƙirga kwanaki daga farko.

Masu cewa jan ruwan inabi yana gyara zuciya kuwa, labarinsu ya tsufa. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya, rahotonta na 2024 kuma ya ce mutum miliyan 2.6 ne suka mutu a dalilinta a shekarar 2019 kaɗai. In lafiyar zuciya kake nema, ka rage gishiri, ka yi tafiya da ƙafa.

Laifi tudu ne

Yanzu zan juyo kanmu, mu shugabanni, don kada ku ce na taka nawa ina hangen naku. A ƙauyukanmu, in gwauruwa ta dafa burukutu don ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta, mukan kira ta gaban dattawa, mu sa ta ƙarƙashin horo, mu hana ta Jibin Ubangiji. Abin da take dafawa sau da yawa bai kai ƙarfin kwalbar da aka ajiye a gabana a babban teburi ba. Ita muka ce ta yi zunubi. Mai kuɗin da ya sauke katan-katan daga babban kanti kuwa muka tafa masa, muka ce ya fitar da iyali kunya. Bambancin me ke tsakaninsu? Ita tukunya da ƙwarya, shi kwalba da rubutun Turawa. Yakubu 2 ta yi mana kashedi a kan ba mai zoben zinariya kujera a bar matalauci a tsaye. In barasa laifi ce a ƙwarya, laifi ce a kwalba. In muka hukunta ɗaya muka kau da kai ga ɗaya, to talauci muke hukuntawa, ba zunubi ba, matasa kuma suna kallonmu. Kun fi mu saurin gane munafunci.

Akwai kuma cikinmu waɗanda sun sani sarai. Sun san abin da 8% take nufi, sun ga mafaka ce: ga abin da za ka sha a gaban jama'a, kana dattijon ikkilisiya, ba mai ce maka uffan. Ga irin waɗannan ina cewa, in ka tabbata a lamirinka cewa abin da kake yi daidai ne, kira shi da sunansa, ka zo mu buɗe Nassi mu tattauna kamar manya. In kuwa sai ka sake masa suna kafin ka iya sha, lamirinka ya riga ya ba ka amsa.

Ni kaina ban fita ba. Na yi shekaru a makarantar tauhidi ina koyon karanta ƙananan baƙaƙen Helenanci, amma na ɗaga kofi a gaban jama'a ban karanta baƙaƙe uku a bayan kwalba ba. Wasu sun sha ne don sun ga na sha. Na nemi gafarar ɗan'uwan nan da matarsa, ina kuma neman taku.

Abin da nake roƙonku

Na farko, ku juya kwalba. Kowace iri ce, ko wa ya kawo ta, ku nemi lambar da ke da alamar % a gefenta, sau da yawa tare da vol ko alc. In 0.0 ce, babu barasa. In 5 ce, ko 7.5, ko 8, giya ce, komai zaƙinta, komai kyan kwalbar. Launi da kumfa da takardar wuya ba sa gaya muku komai, domin marar barasa da mai barasa kamarsu ɗaya a ido. Kada ku dogara da bakin mai kanti, shi ciniki yake nema.

Na biyu, duk wanda aka sa cikin kwamitin biki, ko aure, ko suna, ko bikin gama makaranta, a naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa duba abin sha ne kafin a buɗe, har da wanda baƙi suka kawo gudummawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zan kuma kai wannan gaban majalisar dattawa don ya zama ƙa'ida a duk taron da ke ɗauke da sunan ikkilisiya.

Na uku, 'yan rabo, in wani ya tambaye ku ko akwai barasa, kada ku amsa da zato. Ku ce, "Bari in duba." Ba ku san yaƙin da mai tambayar yake yi ba.

Na huɗu, 'yan mata, kofin da ba ku ga kwalbarsa ba, ku bar shi. Saurayin da ya ji haushi don kin nemi ganin kwalba ya nuna miki halinsa tun da wuri, ki gode wa Allah.

Na biyar, in kai ne ka riga ka saba, kana saye a ɓoye, ka lura kwalba ɗaya ta daina isarka, kada ka jira sai an kama ka. Ƙofata a buɗe take, ba kuwa zan kai sunanka bagade ba. Za mu yi addu'a, in akwai bukata mu nemi likita tare. Almasihu bai zo domin masu lafiya ba.

Ba mu rasa abin murna ba. Muna da zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi, akwai kuma kwalaben inabi marasa barasa ga mai son jin ƙarar murfi. Auren da aka yi da su bai ragu da komai ba. A taron zumunta na wannan mako, ina so ku zo da tsofaffin kwalabe daga gida, kowace iri, ku jera su a teburi, ku koya wa juna karanta su, har da ƙannenku na Makarantar Lahadi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne Allah na gaskiya. Ka gafarta mana inda muka sake wa abu suna don mu kwantar da lamirinmu, da inda sakacinmu ya tuntsurar da ɗan'uwa. Ka riƙe hannun bawanka da yake sake tashi, ka ta'azantar da gidansa. Ka ba matasanmu idon da ke dubawa da bakin da ke faɗar gaskiya, ka cika su da Ruhunka Mai Tsarki. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.